Hula da Takalmi a Fadar Firag

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai za ka hau tudun fadar Firag, babban birnin ƙasar Cek, ranar hutunku, kana tambaya ko za ka tuɓe takalmi a ƙofar babban cocin da ke ciki kamar mai shiga gaban sarki, kuma yaya za ka yi da hularka. Na yi dariya, amma dai matambayi ba ya ɓata.

Takalminka ka bar shi a ƙafarka. Mu ƙafa muke tuɓewa don girmamawa, su kuwa kai suke tuɓewa. Namiji ne ke cire hula in ya shiga coci, ɗankwalin mace ba ya damun kowa. Ka ma nemi takalmi mara tsini mai riƙe ƙasa, don da ƙananan duwatsu aka daɓe farfajiyar, in an yi yayyafi santsi gare su.

Kada ka fara da hawan tudun da ƙafa. Shiga jirgin titi da suke kira tiram, mai lamba 22, ka sauka a tashar da ke ɗauke da sunan fadar, ka shiga ta gefen arewa. In ka gama sai ka gangaro ta tsohuwar matakala zuwa tashar Malostranská. Farfajiyar kyauta ce, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, gine-ginen ne ake yanka wa tikiti, kuma tikitin na kwana biyu ne. Kada ka ɗauki ƙatuwar jaka, ana iya bincike a ƙofa, tunda ofishin shugaban ƙasar Cek a nan yake. Ranar Lahadi ba a buɗe cocin ga masu kallo sai ƙarfe 12, safiyar ta masu ibada ce. Kakanka yakan ce baƙo ko da idonsa makaho ne, to ka lura da igiyoyin da aka gitta, kada ka tsallake ko ɗaya.

Cocin nan na Waliyyi Bitus an aza harsashinsa a 1344, ba a kammala ba sai 1929. Wajen shekara ɗari shida ke nan! Ku kuwa yanzu sai ku juya wa irin wannan gini baya, ku ɗaga waya, ku ɗauki fuskarku, ku wuce. Da, yaro in ya shiga zauren manya sai ya rage murya tun kafin a ce masa. Kambin sarautar ƙasar yana wani ɗaki a cikin cocin, an kulle ƙofar da makullai bakwai, kowane a hannun mutum daban, har da shugaban ƙasa da babban limamin cocin da magajin gari. Hasumiyar kudu tikitinta daban, matakala 287 ce mai murɗewa, ƙunci gare ta, babu na'urar hawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma inda nake so ka daɗe shi ne tsohon gidan sarauta. Akwai matakala mai faɗi da faɗaɗɗun taki, an yi ta haka ne don mahaya su shigo babban zauren Biladislaf a kan dawakansu. Daga zauren ka shiga ɓangaren da ofishin mulki yake, ka tsaya bakin taga ka leƙa ƙasa. Ranar 23 ga Mayu, 1618, manyan ƙasar 'yan Furotesta suka shigo ɗakin nan a fusace, suna zargin an tauye musu 'yancin ibada. Aka yi ta cacar baki da wakilan sarki, 'yan Katolika. Ƙarshe suka ciccibi biyu daga ciki suka wurga ta taga, suka bi su da magatakardansu. Duk ukun suka rayu. 'Yan Katolika suka ce mala'iku ne suka tare su, abokan gabarsu suka ce a kan juji suka faɗa. Yaƙin da ya biyo baya shekara talatin ya ci, sai a 1648 aka ajiye makamai. Manyanmu sukan ce fitina kwance take, to ka ga daga wace ƙaramar taga wannan ta tashi.

Kowace sa'a ana canjin masu gadi, amma na ƙarfe 12 na rana shi ne mai bushe-bushe da musayar tuta, a farfajiyar farko. Ka kama wuri tun 11:30. Sojan da ke tsaye bakin ƙofa aiki yake, kada ka dafa shi don hoto.

Batun hula kuwa, kakarka takan ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Kakanka kuma bai taɓa yarda namiji ya fita kai ba hula ba. Dukansu sun rasu ba su sasanta ba. Ni dai na ce ka sa wadda ke naɗuwa ta shiga aljihu, ka bar dogon zannan nan naka a masauki. Ka gaida abokan karatunka.

Kawunka.