Tambaya da Amsa: Wai yaya akai 'yar gudun hijira ta shiga majalisar jiha a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a raba mana gardama, jiya da daddare a teburin mai shayi anan Agege muka yi ta musu akan Ilhan Omar, wani yace sai da ta fara zama 'yar majalisar jiha kafin ta tafi ta tarayya, ni kuma nace ina! wacce ba a ƙasar aka haifeta ba wa zai bata? mu gashi anan Legas aka haifi babana amma har yau baƙi ake ce mana. Daga mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, gaskiya abokin musunka ne ya cinye, sai ka biya masa kuɗin shayin.

A Mogadishu aka haifeta a 1982, mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara biyu, yaƙin basasa ya koro su daga Somaliya suka yi shekara huɗu a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, sai a 1995 suka sauka Amurka. Daga baya suka zauna a birnin Minneapolis na jihar Minnesota inda Somalawa suke da yawa sosai, mahaifinta yayi tuƙin tasi sannan yayi aikin gidan waya. Takardar zama 'yar ƙasa kuwa sai a 2000 ta samu.

Wurin da nake so ka tsaya ka duba shine wannan. Tun tana 'yar shekara 14 take bin kakanta zuwa taron jam'iyya na unguwa tana yi masa tafinta, tsoho yana zaune baya jin Turanci sosai amma baya fashin zuwa, yarinya a gefensa tana raɗa masa abinda ake cewa da Somaliyanci. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai in tuna dattawanmu na Agege da Idi-Araba, nawa ne a cikinmu suka san ranar da ake taron jam'iyya na gundumarsu? Kuma ba a banza ta sha ba, a 2014 an taɓa yi mata duka a irin wannan taron har ta ji ciwo a ka, bata fasa ba.

A 2016 ta tsaya takarar majalisar wakilan jihar, mai kujeru 134, a mazaɓar 60B wadda ta haɗa unguwar Cedar-Riverside da yankin jami'ar Minnesota. A zaɓen fidda gwani ta kada Phyllis Kahn, matar da ta shekara 44 akan kujerar, kaga tun kafin a haifi Ilhan take kai. Ƙuri'ar Somalawa kaɗai bazata isa ba don akwai wani Basomale ma a takarar, sai da ta jawo ɗaliban jami'a da sauran mazauna unguwar. Zango ɗaya tayi na shekara biyu, 2017 zuwa 2019, da Keith Ellison ya bar kujerarsa ta tarayya a 2018 ta nema ta ci, ita da Rashida Tlaib suka zama mata Musulmi na farko a majalisar. Har dokar hana rufe kai a zauren, wadda take nan tun 1837, aka sassauta ta shiga da ɗankwalinta.

Ba wai bata da laifi ba fa, a 2019 hukumar kula da kuɗin kamfe ta jihar ta ci ta tara kuma tasa ta maido wasu kuɗi da ta kashe ba bisa ƙa'ida ba, ya kamata kasan wannan ma.

Maganar Legas kuma, majalisar jiha dake Alausa kujeru 40 ne, kuma tsarin mulkin 1999 bai ce sai ɗan asalin jiha zai tsaya ba. Nasan wariya akwai ta, bana musun zafin da kake ji ko kaɗan. Amma abinda ke ci min rai shine duk zaɓe sai kaga motoci cike da mutanenmu za a tafi gida Arewa jefa ƙuri'a, alhali shagon anan yake, makarantar yara anan take, kwatar da ke cika da damina anan take. Ka je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku idan an buɗe rajista ka nemi a maido maka da katinka Agege, ka ja abokin musun naka ku tafi tare.