Amsa: Tsuntsu zai iya nuna gubar ƙasa?

Malam Sani, ka tambaya ko da gaske tsuntsayen daji na nuna inda guba take. Ƙwarai kuwa. Abin da tsuntsu ya ci yana taruwa a jikinsa, zaiba kuma, wato wani ƙarfe mai guba, takan zauna a gashinsa. Sai a tsinci gashin da ya zube gindin sheƙa, a wanke, a kai ɗakin gwaji, ba a kashe ko ɗaya ba. Shaho da mujiya sun fi tara ta, tunda nama suke ci.

Ka tuna Zamfara a 2010: agwagi suka fara ɓacewa, ba a kula ba, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400. Wannan har gobe yana cin raina.