Ku Tambaya Mu Amsa: Ɓarayin Kifi Na Teku

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni masunci ne a Yawuri, yarona ya gwada mani wani bidiyo cikin waya, wani tsuntsu mai launin ƙasa na korar ɗan'uwansa a sama har sai da wancan ya amayo kifin da ya haɗiye, shi ko ya cafe shi tun bai kai ruwa ba. An ce sunansa skuwa kuma iri biyu ne da sunka yi kama. Mi ya raba su, kuma akwai su nan kogin Kwara?
Mai karatu, Yawuri, Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam baba. Skuwa dai iri 7 ne, amma nasan babban skuwa da skuwan Aktik (yankin ƙanƙara na can arewacin duniya) ake nufi.

Na Aktik shi nake zaton ka gani, ɗan siriri ne bai cika wuce rabin kilo ba, da gashi biyu masu tsini da suka zarce a tsakiyar wutsiya, shi ba ƙarfi yake taƙama da shi ba naci ne, duk inda tsuntsun ya karkata yana biye da shi kamar an ɗaure su da igiya ɗaya har mai kifin ya gaji ya saki.

Babban kam ɗan fashi ne ba ɓarawon aljihu ba. Yakan kai kilo ɗaya da rabi, in ya buɗe fukafukai kusan santimita 140, da farin tabo a kowane ɓangare. Zai damƙi bakin fiffiken ganet, wani tsuntsun teku da ya fi shi girma fa, ya kada shi cikin ruwa sai ya ba da abin da ke cikinsa. Yana kashe ƙananan tsuntsaye ya cinye, ya sha ƙwai, ya bi jiragen masunta yana tsintar kifin da aka zubar, mutum ma in ya matso sheƙarsa kai zai nufa. A Aislan, Norwe da tsibiran Sikotilan yake hayayyafa, kuma murar tsuntsaye ta yi masa mummunar ɓarna a 2021 da 2022.

Zancen Kwara kuwa babu su, tsuntsayen ruwan gishiri ne. Lokacin sanyin Turai sukan gangaro gaɓar Senegal da Muritaniya, ƙaramin ya zarce har kudancin Afirka. Wanda ke sure maka kifi a bakin tashar jirage shirwa ce, ita dai ka sa wa ido in ka shanya.