Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Durbar Otal na Kaduna na waye ne?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ina kwashe kayan marigayi babanmu ne na ci karo da wani tsohon hotonsa sanye da farar riga da ɗan baƙin nakatayel, a baya an rubuta Durbar. Mama ta ce a can ya yi aiki yana kai wa baƙi abin sha kafin ya aure ta. Ni kuma tun da na yi wayo kango na san wurin, yanzu ma babu shi. Don Allah wa ya gina shi, kuma na waye? Daga mai karatunku a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ka adana hoton nan da kyau.

Gwamnatin tarayya ce ta gina shi, zamanin Obasanjo yana soja, saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977. Shi bikin a Legas aka yi, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, amma hawan daba nan Kaduna aka kawo shi, sarakunan Arewa suka zo da dawakai da raƙuma da 'yan lifida, ga baƙi daga ƙasashe kala-kala, to ina za a sauke wannan jama'a? Otal ɗin Hamdala kaɗai ba zai ɗauka ba. Daga wannan hawan ma otal ɗin ya samo sunansa. Waɗanda suka ga lokacin za su ce maka in babban mutum ya shigo gari can ake nemansa, wasu su zauna a mashayar suna kurɓa, wasu lemo kawai suke sha a ƙulla harka a tashi. Kada ranka ya sosu da aikin Baba, kowa da inda abincinsa yake.

Maganar mai shi kuwa, nan ne gizo ke saƙar. Da Babangida ya fara cefanar da kadarorin gwamnati sai wurin ya koma hannun Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, mai jiragen Kabo. Daga baya hannun jarin ya koma wani kamfani na iyalan Janar Sani Abacha. Abacha ya rasu a Yunin 1998, farar hula suka hau a 1999, gwamnati ta ce a dawo mata da kayanta, iyalan suka ce ai saya muka yi, shi ke nan aka faɗa kotu, yau a ɗage gobe a ɗaukaka ƙara, shekaru suna ta tafiya ba mai kwana a ɗakunan ba mai gyara ko famfo ɗaya, ɓarayi suka ɓalle ƙofofi da tagogi da wayoyin wuta, ciyawa ta cinye harabar. Wannan kangon shi ka taso ka gani. Ni a ganina tun lokacin otal ɗin ya mutu, masu shi sun yi yawa a takarda amma ba ko ɗaya a ciki.

A Janairun 2020 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta sa katafila ta rushe shi, ta ce ya zama maɓoyar ɓata-gari, iyalan Abacha kuma suka sake garzayawa kotu suna cewa an taka doka tunda shari'a ba ta ƙare ba. Wani abin lura, shi Malam ɗin ne ya riƙe hukumar sayar da kadarorin gwamnati daga 1999 zuwa 2003, ka ga ba baƙo ba ne a irin wannan harka.

In kana son labarin cikin gida, wa ke manaja, nawa ne albashi, su wa ke ba da tukuici mai tsoka, to ka zauna da Mama ka tambaye ta abokan aikin Baba da suka rage, ka kai musu hoton. Ka hanzarta fa, duk wanda ya yi aiki can a 1977 yanzu ya kusa saba'in ko ya haura.