Zan iya kawo 'yar yayata Jamus a matsayin "au pair"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana 'yan Najeriya ne, muna zaune a Hamburg. Aikin jinya nake yi, wani lokaci a asibiti nake kwana. Yaranmu biyu, babbar shekara huɗu, ƙaramin shekara ɗaya da rabi. An ce min akwai bizar au pair, shi ne nake son ɗauko 'yar yayata daga Kano, shekarunta 20, ta riƙa kula min da su. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana yaran. Ba zan ɓoye miki ba, wannan hanyar ba za ta ɓulle da 'yar yayarki ba, kuma gara ki sani tun yanzu, kafin a sa wa yarinya rai ta fara ɗinke-ɗinke da sallamar dangi.

Ba a amincewa da tsarin idan akwai dangantaka tsakanin yarinyar da masu gidan. Ko da ma babu, dokar ɗaukar baƙi aiki ta Jamus ta ce gidan ya kasance Jamusanci ne harshen uwa a cikinsa. In kuwa harshen yau da kullum ne kawai kuke yi da shi, to kada yarinyar ta fito daga ƙasar da ke ko maigidanki kuka fito. Don Allah kada wani ya ba ki shawarar ɓoye zumuncin. Ranar da asiri ya tonu, yarinyar ce za ta fi kowa jin jiki.

Dalilin ƙa'idar yana cikin sunan. Au pair Faransanci ne, ma'anarsa daidai wa daida. Tun yarjejeniyar Majalisar Turai ta 1969 aka ɗauki mai wannan matsayi a wani abu tsakanin ɗaliba da ma'aikaciya: ta zo koyon harshe da al'ada, tana taya raino a madadin ci da kwana. Shi ya sa ake son shekarunta su kasance daga 18 zuwa 26 lokacin neman biza, ta iya Jamusanci matakin A1, wato matakin farko na masu koyo, ta zauna wata shida zuwa shekara guda.

Ga inda na fi son ki natsu. Mu da muka tashi muna ganin 'yar riƙo, mun saba da yarinyar da ke riga kowa tashi, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. Wannan ba haka take ba. Aikinta ba ya wuce awa shida a rana, awa 30 a mako, har da zaman da take yi da yara da daddare in kun fita. Tana da hutun kwana ɗaya da rabi a mako, da mako huɗu a shekara. Ɗakinta nata ne ita kaɗai, da makullinta. Za ki dawo a gajiye, ki tarar da tukwane a jiƙe, ƙaramin yana rigima, ita kuma ta rataya jakarta za ta tafi aji domin awanninta sun cika. Haƙƙinta ne, ba rashin kunya ba. Tare za ku ci abinci a teburi ɗaya, ba sai kun tashi ta ci saura ba. Uwar gidan da zuciyarta ba za ta ɗauki wannan ba, kada ma ta soma.

Kuɗi kuwa, kuɗin kashewarta Yuro 280 ne duk wata, da Yuro 70 na makarantar harshe, da kuɗin motar zuwa ajin. Inshorar lafiya da ta haɗari ma a wuyanku take. Lissafa kuma da kanki: kwanan asibiti uku kawai ya kusa cinye awa 30 ɗin.

Abin da nake gani ya fi dacewa da ke yana kusa da gida. Tun watan Agustan 2013, duk yaron da ya cika shekara ɗaya a Jamus yana da haƙƙin samun gurbi a gidan raino, wato Kita, ko wajen mai raino mai lasisi da ake kira Tagesmutter. Ki je ofishin kula da yara na unguwarku, Jugendamt, da jadawalin aikinki a hannu, ki tambayi masu rainon da ke karɓar yara da sassafe ko da yamma.

Ita kuma 'yar yayarki, in har tana sha'awar zuwa, ƙofa ba ta rufe mata ba. Ta nemi A1 ɗinta, ana rubuta jarrabawar a cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe da ke Legas, sannan a samo mata gidan Jamusawa na kirki. Ke ki zama uwarta a garin: ki karanta takardar yarjejeniyar kafin ta sa hannu, ki ga ɗakin da idonki, ranar hutunta kuma ta zo ta ci tuwo a gidanki.