Amsa: Yaushe uba yake daina ba da kuɗin ciyar da yara bayan saki?

'Yar'uwa, kin ce tsohon mijinki ya daina aiko da kuɗin yaran tun da kika gama idda, wai ai nasa ya ƙare. Haɗa abu biyu ya yi. Ciyarwarki ke ce ta tsaya da ƙarewar idda. Ta yara kuwa tana wuyansa.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Kaduna suke bi, ɗa namiji, uba zai ciyar da shi har ya balaga kuma ya iya neman na kansa; in yana da lalurar da ta hana shi nema, sai a ci gaba. 'Ya mace kuwa sai ta yi aure ta tare. Ko kin yi wani auren, riƙon yaran ne zai iya komawa wajen mahaifiyarki, ciyarwa dai tana kansa. Masu auren rajista dokarsu daban, ta 1970, inda kotu ba ta cika sa biya bayan yaro ya kai shekara 21 ba sai da dalili na musamman.

Ƙanwata ta sha irin wannan a Tudun Wada. Shekara guda ana "sai ƙarshen wata". Abin da ya fisshe ta wani ɗan littafi ne da take rubuta komai: kuɗin makaranta, magani, har sabulu. Da alƙali ya duba, ya yanke adadi daidai ƙarfin uban.

Ki fara da manyansa tukuna, yayansa ko kawunsa. In abin ya faskara, ki tafi kotu da rasitanki.