Sau uku na tuba, sau uku na koma ƙwaya: Allah ya gaji da ni ne?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Shekarata 27, ina tuƙa keke tsakanin Samaru da PZ a Zariya. A coci na tashi, har ƙungiyar mawaƙa na yi. Yau shekara huɗu ina shan tramol. Da farko don in jure wahalar aiki ne, yanzu kuwa in ban sha ba ko tashi ba na iyawa. Sau uku ina fita gaba a taron farkawa, aka ɗora mini hannu, na yi kuka, na zubar da abin da ke aljihuna. Har azumin kwana uku na yi. Iyakar daɗewata ba sha kwana tara ne. Ba wanda ya sani sai abokan da muke sha tare, kuma na daina cin jibin Ubangiji. An ce wanda Ɗan ya 'yanta ya 'yantu, to ni me ya sa ban 'yantu ba? Ko Allah ya gaji da ni ne?

Amsa: Ɗana, Allah bai gaji da kai ba. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya zama ya rubuta irin wannan wasiƙa. Manzo Bulus da kansa, a Romawa sura 7, ya yi kukan cewa alherin da yake so ba ya aikatawa, muguntar da ba ya so ita yake yi. Bai rufe maganar a nan ba, farkon sura 8 ya ce babu hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ka karanta surorin biyu a zama ɗaya, kada ka raba su.

Ayar da ka kawo, Yohanna 8:36, gaskiya ce, kuma taka ce. Sai dai ina so ka buɗe gaba kaɗan zuwa sura 11, ka dubi Li'azaru. Kwanansa huɗu a kabari, har Marta ta ce ai yanzu ya yi wari. Yesu ya kira shi da suna, ya fito da rai. Amma yaya ya fito? Hannu da ƙafa a ɗaure da likkafani, fuska a naɗe. Wanda ya ta da matacce da kalma ɗaya ba kwance tsumma ne zai gagare shi ba, duk da haka sai ya juya ga mutanen da ke tsaye ya ce su kwance shi ya tafi. Rai daga Yesu ne shi kaɗai. Kwance likkafanin kuwa a hannun mutane ya sa shi. Abin da na gani a wasiƙarka shi ne mutumin da aka kira ya amsa, amma yana tsaye a bakin kabari shi kaɗai yana kokawa da ɗauri, domin ya ce kada kowa ya matso ya ji warin. Shekaru da yawa ina zama da matasa masu wannan damuwa, kuma ban ga abin da ke riƙe su kamar ɓoyo ba.

Kwana taran nan da kake gani kamar abin kunya, bari in faɗa maka abin da ya faru a cikinsu. Tramol dangin kodin da mofin ne. Idan jiki ya daɗe yana samunsa, ƙwaƙwalwa takan sake tsarinta ta dogara da shi. Ranar da aka yanke, sai ciwon gaɓoɓi, zufa, majina, gudawa, rashin barci da faɗuwar gaba su taso. Abin yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya fara lafawa wajen mako guda. Ke nan ka riga ka haye wuri mafi zafi, kai kaɗai, ba magani. Wannan ba aikin rago ba ne. Abin da ya kayar da kai shi ne zango na biyu, wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba: kasala, baƙin ciki da ƙawa mai zuwa kamar guguwa, wani lokaci har watanni. Ka koma tasha ɗaya, abokai ɗaya, ga cinikin yini a aljihu, ga mai sayarwa ya san fuskarka. Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka gyara aka bar shi wofi, a Matiyu 12, mugun ruhun da ya fita daga ciki ya dawo da baƙi bakwai. An share gidanka a taron farkawa, amma ba a sa kowa a ciki ba.

Shin zunubi ne ko ciwo? Duka biyun ne. Akwai abin tuba: ƙaryar da kake yi a gida, kuɗin da ya kamata ya shiga tukunya, da rayukan fasinjojin da kake ɗauka alhali ba ka cikin hayyacinka. Wannan ka kai shi gaban Allah da sunansa, kada ka yi masa kwaskwarima, alkawarin 1 Yohanna 1:9 yana nan. Akwai kuma abin magani, shi kuwa likita yake so. Kada wani ya ce maka zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne. Ka je Wusasa ka gani da idonka: ga majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929, ga asibitin St. Luke kusa da ita, mai sunan Luka wanda Bulus ya kira ƙaunataccen likita. Dakta Miller, wanda ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, shi ma likita ne. Iyayenmu cikin bangaskiya ba su taɓa raba addu'a da magani ba.

Saboda haka ka je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin ka haukace. Ka faɗa wa likita gaskiyar adadin da kake sha, da duk abin da kake haɗawa, giya ce ko maganin barci, domin haɗin nan yana iya tsayar da numfashi. Sau da yawa a hankali ake rage maganin, ba a yanke shi dare ɗaya ba. Abu biyu nake roƙonka ka riƙe. Tramol mai yawa yana kawo farfaɗiya, musamman irin mai miligiram 200 da 225 da ake sayarwa a ɓoye, kai kuma kana kan titi da mutane a bayanka. Na biyu, duk lokacin da ka yi kwanaki ba ka sha ba, juriyar jikinka ta ragu, adadin da ka saba sha a da yana iya kashe ka. Azumi kuma ka ajiye shi tukuna. Jikin da ke fama da amai da gudawa ruwa da abinci yake bukata. Kuma ko da wasa kada ka yarda a kai ka inda ake ɗaure mutum da mari ana dukansa da sunan gyara, ko da sunan wa ake yi. Ka tuna a 2019 'yan sanda sun fito da mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da nan Zariya. Yesu cewa ya yi a kwance.

Yanzu ga abu mai wuya. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a domin mu warke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san tsoronka: kada a sa ka a horo, a sanar a gaban ikkilisiya, mahaifiyarka ta kasa ɗaga kai a zumuntar mata. Tsoron nan yana da dalili, kuma laifinmu ne mu shugabanni. Mun sha karya waɗanda suka zo neman ɗori, yana kuwa ci mini rai. Ba cewa nake ka tsaya a bagade ka yi shela ba. Ka nemi mutum ɗaya, namiji, wanda ya girme ka cikin bangaskiya, wanda ba ka taɓa jin asirin wani a bakinsa ba. Shi zai raka ka Shika. Shi za ka riƙa miƙa wa cinikin yini ya ajiye maka a watannin farko. Shi za ka buga wa waya ƙarfe biyun dare idan ƙawar ta taso, tun kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Ƙawa takan hau ta sauka, in ka sami wanda zai tsaya da kai na ɗan lokaci sai ta wuce.

Tashar da kake tsayawa ma ka sauya, ko da ciniki zai ragu. Abokan nan ba maƙiyanka ba ne, ɗaurarru ne kamarka, wata rana ma kai za ka koma ka kwance su. Amma yanzu ƙafarka ba ta yi ƙwarin zama a majalisarsu ba. Awoyin da kake yi da su ka mayar wa ƙungiyar mawaƙa, ka kuma rage tsawon aikin da tun asali ya tura ka neman ƙwaya.

Batun jibin Ubangiji, ka zauna da limaminku ku yi magana, domin kowace ikkilisiya da tsarinta. Ra'ayina dai shi ne, teburin nan na masu tuba ne, ba na waɗanda suka gama warkewa ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, a bakin tekun Galili kuma Yesu ya dafa masa kifi, ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya ba shi kiwon tumaki. Idan ka sake zamewa, kada ka jira taron farkawa na gaba. A ranar ka kira mutumin nan, a makon ka koma wurin likita.

Kafin Lahadi mai zuwa ka zaɓi wanda za ka faɗa wa. Idan ka ga likita, ka sake rubuto mini in ji yadda kuka yi. Daga daren yau ka shiga addu'ata.